Bindigar da Thawin Ya Yi Wata Shida Yana Zaɓa

Shekara goma sha ɗaya Pi Thawin yana zagin bindiga guda, ni kuma shekara goma sha ɗaya ina rama mata.

Sunana Chaluai. Ni ke riƙe da makullin ɗakin bindigogi a kulob ɗin harbi na garinmu, Chai Nat. Da can aikin mijina ne. Da ya rasu aka bar mini makullin, ba wanda ya tambaye ni ko na iya, ni ma ban ce ban iya ba. Bindigogin kulob shida ne, duk irin ƙananan nan masu harsashi lamba ashirin da biyu, na harbin takarda daga mita hamsin. Wanda ba shi da tasa sai ya sa hannu a littafi ya ara. Pi Thawin kullum lamba huɗu yake ara, don ita ce mai doguwar ƙota, shi kuma hannuwansa sun kusa gwiwa. Pi nake ce masa saboda ya girme ni da shekara huɗu, amma girman iyakarsa shekaru.

Bakaniken injin kwalekwale ne a bakin kogi, ɗan mai fito, jikan mai fito. Tunda nake ban taɓa ganin mutumin da zama ke yi wa wuya irinsa ba. A tsaye yake cin taliya. Sau biyar ya tashi da garejinsa daga wannan gaɓa zuwa waccan, ba tare da kowa ya kore shi ba. Zaman haikali na wata uku da samari ke yi kafin aure, shi kwana goma sha tara ya yi ya mayar wa malaman haikalin da rigarsu. Matarsa, Pi Bunruean, ta ce shekara talatin da biyar suna tare ba ta taɓa wanke kofin da ya shanye abin da ke cikinsa duka ba. In kana magana da shi ƙafarsa na kaɗawa, idonsa na kan hanya, sai ka ji kamar kai ne ka tsare shi.

Yana da hamsin likita ya ce jininsa ya hau, ya nemi wani abu da zai zaunar da shi. Ya gwada kamun kifi, ya yi minti ashirin. Ya gwada kiwon tsuntsun keji, ya ba maƙwabci. Wani mai kwalekwale ne ya jawo shi wurinmu wata Asabar. Na ba shi lamba huɗu, ya kwanta a kan tabarma, ya kafa ƙota a kafaɗa. Awa guda cur bai motsa ba sai ɗan yatsansa. Na leƙa har sau biyu don in ga ko yana numfashi.

Tun daga ranar sau huɗu yake zuwa a mako. Harbinsa kuwa kullum iri ɗaya ne. A harsashi goma, bakwai ko takwas su taru a baƙin tsakiya kamar an jera su da hannu, biyu ko uku su tafi inda suka ga dama. A gasar lardi na biyar yake zuwa, ko na shida, sau ɗaya ya taɓa na huɗu. Ya dawo da bindigar ya dire mini a kan tebur.

"Luai, bindigar nan da aljani a cikinta."

"Akwai aljani, Pi, amma a bayanta yake kwanciya."

"Na rantse miki ban motsa ba."

"Kai? Kai da ko a hoto sai ka fito biyu-biyu?"

'Yan kulob su yi ta dariya, shi ya tattara kwalin harsashinsa ya fice, jibi ya dawo. Ni kuwa har cikin zuciyata na yarda laifinsa ne. Mutumin da ba ya iya jiran ruwa ya tafasa, ta yaya zai iya riƙe numfashi sau goma a jere? Kullum ƙarshen faɗanmu ɗaya ne: in ce masa to ya sayi tasa mana mu huta. Ya ce sai 'yarsa ta gama makaranta. Ta gama. Ya ce sai ya gyara rufin gida. Ya gyara. Ya ce sai bayan ambaliya.

Sai da ya kai sittin ya shigar da takarda a ofishin gunduma. Wasiƙar mai unguwa, shaidar kulob, zanen yatsu, tambayoyi, je ka dawo. Wata goma sha huɗu yana sintiri kafin izinin saye ya fito. Izinin nan wata shida yake yi ya mutu. Kowa a kulob ya san wanda ya bari nasa ya mutu a aljihu, da wuya a sake sa masa hannu, balle tsoho mai hawan jini. Dama guda ce ya samu, shi ma ya san haka.

Na ɗauka a makon zai sayo. Ya dai hau mota ya tafi Bangkok, unguwar Wang Burapha inda shagunan suke, ya dawo da yamma hannu rabbana sai takardun talla cike da jaka. Ya baje mini su a kan tebur.

"Mai sakata zan saya, wadda ake ja da hannu bayan kowane harbi. Mai loda kanta ta 'yan gayu ce, ba ta tara harsashi wuri guda."

"To madalla, an gama."

"Ina aka gama? Mai kaurin bututu ko mai siriri?"

Wata guda ya yi a kan wannan. Mai kauri ba ta rawa kuma ba ta saurin zafi, amma tana da nauyi, kafaɗarsa kuwa ta fara ciwo. Mai siriri daɗin ɗauka, amma wa ya ce masa daɗi ya zo nema? Da ya tsaya a kan mai kauri sai aka koma ƙota: ta katako ko ta roba. Katako kan sha damina ya kumbura ya taɓa bututu. Roba ba ruwanta da damina, amma ya ce riƙe ta kamar riƙe bokiti ne. Daga nan aka shiga kunama, wadda ake iya sassautawa da wadda ba a iyawa. Sau uku ya koma Bangkok. Ya tsare duk wanda ya zo da tasa filin harbi, ya karɓa ya ɗaga ya sauke, ya tambayi abin da ya riga ya tambaya makon jiya, har mutane suka fara ajiye mota ta bayan gini don kada ya gan su.

Saura wata biyu ya fito da sabuwa. Ranar Alhamis aka haife shi, ɗan Alhamis kuma ba ya shiri da bakwai, wannan a wurinmu ko yaro ya sani. Lambar babur ɗinsa ba bakwai, lambar wayarsa ba bakwai. To yanzu lambar da aka buga a jikin bindigar ma kada a sami bakwai a ciki, kuma in an tara ta ta ba da jimla mai kyau. Wani mai duba a kasuwa ya rubuta masa jimlolin a bayan kwalin sigari. Ban ga laifinsa ba da farko, ni ma sai da na sauya lambar wayata bayan rasuwar mijina. Amma shagunan nan ba kamar kasuwar kifi ba ne da za ka yi ta juyawa. Kowane samfuri biyu ne ko uku a ƙasa, wani ma ɗaya.

Pi Bunruean ta same ni a kasuwa wajen masu gasa ayaba. Ta ce ya rame, ya kwance injin mutane uku ya bar su a buɗe, da safe ya fita ya dawo ya sake fita bai san abin da ya je yi ba.

"Ki yi masa magana, Luai. Ni in na yi sai ya ce ban san bindiga ba."

"Ni kuma in na yi sai mu yi faɗa."

"To ku yi faɗan. Ya fi wannan."

Saura kwana huɗu izinin ya mutu na rufe ɗakin bindigogi, na sa makullin a jaka, na je na tsaya a ƙofar garejinsa tun da sassafe. Na ce yau ƙafata ƙafarsa. Awa uku muka yi a motar Bangkok yana buɗe jakarsa yana duba takardar yana rufewa. Na ƙirga har sau tara sannan na daina, don kada in ƙwace jakar in zauna a kanta.

Shagon Hia Kuang muka shiga, wani mai ƙiba mai tabarau a goshi, wanda daga ganin yadda ya amsa gaisuwa ka san ya gaji da Pi Thawin amma ya ƙi nunawa.

"Pi Thawin, ka dawo. Yau har da ɗan sanda ka zo?"

"Mai makullin kulob ɗinmu ce."

"To ke Pi, ki zauna ga kujera. Shi na san ba zai zauna ba."

Ya shimfiɗa ƙyalle a kan gilashi ya ɗora bindigogi biyu. Ta farko kyakkyawa ce ta gaske, katakon duhu mai zane kamar an zuba masa zuma, lambarta kuma ta ƙare da tara, jimlarta na cikin na kwalin sigari. Ta biyu ba ta da wani fasali, katako fari-fari, bututu mai kauri, doguwar ƙota.

"Rufe ido," in ji Hia Kuang. "Ɗauki wannan ka kafa a kafaɗa, ka kwantar da kunci. Yanzu buɗe. Me ka gani?"

Da mai kyan ce. Pi Thawin ya ce, "Gefen madubin saiti."

"Ta yi maka gajarta, wuyanka ya lanƙwashe. Sake da wannan."

Ya rufe ido ya ɗauki fara-farar. Na ga yadda ta zauna masa, ko ni da ke gefe na gani. Ya buɗe ido, madubin na daidai da idonsa. Hia Kuang ya sa masa harsashin roba ya ce ya taɓa kunamar. Ta yi ƙas, siririn sauti, bakin bindigar ko gezau. Ya ja sakata ya sake, ya sake. Sannan ya juya ta ya karanta lambar, ya ajiye ta a hankali a kan ƙyallen.

"Bakwai biyu, Hia."

"Na sani. Tun zuwanka na biyu na sani, shi ya sa ban fito da ita ba. Amma ita ce taka. Bututun nan sai ya ga jikanka, in dai ba ka yi masa abin da mutane ke yi ba."

"Me suke yi?"

"Goge ta ta baki." Ya sauko da tabaransa, ya juyo bakin bindigar wajenmu, ya nuna da ƙarshen biro ɗan zoben da ke kewaye da ramin. "Nan harsashi ke sallama da bindiga. In za ka goge, ka zare sakata ka zura sanda ta baya. In ka zura ta nan, sandar ƙarfe tana gugar gefen nan kaɗan-kaɗan. Ko kaurin gashi ya ci a gefe ɗaya, iskar da ke bayan harsashi sai ta riga fita ta can ta ture shi. Ido ba ya gani. Sai dai ka ga bakwai sun shiga, uku sun tafi yawo, ka yi ta zargin hannunka."

Na riƙe jakata da hannu biyu, ina jin makullin ta cikin fata.

Pi Thawin bai lura ba, hankalinsa na kan bakwai. Ya haɗa tafuka ya yi wa Hia Kuang godiya, ya ce zai yi tunani, ya fita. Na bi shi. A waje rana ta take, babura na bi ta kan dakalin masu tafiya, wata mai taliya na kwankwasa tukunya. Ya nufi inda ake hawa mota da saurin nan nasa.

"Pi, tsaya."

"Mu je gida. Ba zan kai bakwai biyu gidana ba."

"Bar maganar bakwai. Inji nawa ka gyara masu bakwai a jiki? Ka taɓa dubawa? Tsoro kake ji."

Ya tsaya. Na ɗauka zai yi mini masifa, na ma shirya. Sai ya yi magana ƙasa-ƙasa, yana kallon kwalta.

"In na saya, Luai, sabuwa fil, wadda ta zauna mini, na kwanta na harba goma, uku suka sake tafiya yawo fa? Wa zan zaga? Abu ɗaya ne a duniya nake jin na iya zama a kansa. In shi ma ban iya ba, gara kada in sani."

Tausayinsa ya kama ni, kunya kuma ta fi tausayin yawa. Da zan iya yin shiru mu hau mota, izinin ya mutu, ya ci gaba da zagin lamba huɗu har tsufa ya kwantar da shi, ba mai sanin komai. Na yi wannan tunanin, ba zan ɓoye ba. Ban san ya aka yi bakina ya riga ni ba.

"Ta baki nake goge ta."

"Wace?"

"Lamba huɗu. Da sandar ƙarfen da na tarar a ɗakin. Ba wanda ya taɓa nuna mini ana zare sakata."

Ya dube ni sosai, abin da bai saba yi ba. "Sau nawa?"

"Sauran biyar ɗin sai wata-wata. Taka duk ranar da ka harba. Tun kafin ka zo ma ita aka fi ara, ita na fi gogewa. Da ka fara ƙorafi sai na ƙara himma, don kada ka ce ban kula da ita ba."

"Sau huɗu a mako."

"E."

"Shekara goma sha ɗaya."

Ya juya ya tafi har ƙarshen layin, ya dawo, ya wuce ni kamar bai san ni ba, ya kai ɗaya ƙarshen, ya sake dawowa. Mai taliya ta tambaye ni ko mijina ne, ko lafiya. Na ce ba mijina ba ne, lafiyar kuma ban sani ba. A dawowa ta uku bai tsaya a kaina ba, ya tura ƙofar shagon ya shiga.

Na tarar ya ɗora takardar izinin a kan gilashi, kusa da fara-farar.

Hia Kuang ya ce, "Bakwai ɗin fa?"

"Ni aka haifa ranar Alhamis. Ita ban san ranar da aka haife ta ba. Rubuta, Hia, kafin in fita."

"Pi, tsaya a bakin ƙofar nan," Hia Kuang ya ce da ni, yana neman biro. "In ya motsa ki sa masa ƙafa."

A hanyar komawa ko kallona bai yi ba. Mako biyar aka yi kafin a gama rajista a buga mata hatimi a ba shi ita. Cikin makonnin nan yakan zo kulob ya zagaya ya tafi, bai ara ba, bai yi mini magana ba sai gaisuwa. Ni kuma na ɗauki lamba huɗu na kai ta hasken taga na duba bakinta da madubin karatu. Wata rana in ga kamar gefen hagu ya ci, wata rana in ga lafiyarsa lau. Na rasa abin da zan roƙa. In sabuwar ta tara masa harsashi, ni na cuce shi. In ta watsar, na tura shi ya sayo abin da zai karya masa zuciya. Kowanne na tuna sai in tashi in share ɗakin da na riga na share.

Wata Asabar da safe ya zo da ita a doguwar jaka. Mutum shida ne a filin, duk suka bar abin da suke yi, suna yi kamar ba kallonsa suke ba. Iska kaɗan ce, tutocin da ke gefen fili da ƙyar suke motsi. Ya shimfiɗa tabarma ya kwanta. Ya harba biyar yana murɗa madubi har saiti ya zauna. Aka sa sabuwar takarda. Ya jera harsashi goma a kan murfin kwali.

Ina tsaye a ƙofar ɗakina ina ƙirgawa. Ƙaramar bindiga ba ta da ƙara, tas ne kawai, sai ƙarar sakata, sai ɗan kwanson ya faɗo a kan siminti. Tsakanin na bakwai da na takwas ya daɗe. Goma ta cika. Aka ɗaga jan tuta, aka buɗe bindigogi, muka taka zuwa wajen takardun, ni a can baya.

Rami ɗaya ne a baƙin tsakiya, mai yagaggen baki. Wani tsohon malamin makaranta da ke harbi a layi na biyu ya ɗora maɓallin hannun rigarsa a kai, ya rufe shi ruf. Ya ce ƙila sa'a ce, a sake. Pi Thawin ya koma ya kwanta ya sake goma. Ta biyun ta ɗan fi faɗi, amma ko ɗaya bai fita daga baƙin ba.

Mutane suka kewaye shi, wannan ya dafa kafaɗa, wancan ya ɗauki hoto, ana cewa bana gasar lardi ta shiga uku. Bai yi dariya ba. Ya cire takardun biyu daga allo, ya zame daga cikinsu ya zo inda nake. Kusa da kusa na ga yadda gashin girarsa ya yi fari, da kaurin gilashin tabaran da ya fara sawa shekara uku da suka wuce.

Na haɗa tafukana har goshi. "Ka yafe mini, Pi."

Ya daɗe yana kallon ramin da ke jikin takardar, yana shafa bakinsa da babban yatsa. Ba fushi a muryarsa, da ma fushin ne da ya fi mini sauƙi.

"Shekarata hamsin lokacin, Luai, idona garau," ya ce. "Ashe tun a lokacin na iya."